Wankan Jegona da Ruwan Randa

Da ido ciwon nan ya fara mini. Ina cikin aji ina yi wa yara rubutu, a wata firamare da ke Yelwa, sai na ga rabin allon ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Na murza ido, na goge allo, na zargi alli. Bayan 'yan makonni ya washe da kansa, na ce gajiya ce. Shekara ta zagayo, ƙafata ta hagu ta fara yi mini gardama. Ba ciwo take yi ba, ji ne kawai ba ta yi: in ce mata taka nan, ta taka can. An kai ni wurin masu magani iri-iri, kowa da abin da ya gano. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce na taka sawun iska a bakin ruwa. Na sha rubutu, na sha jiƙo har harshena ya manta ɗanɗanon ruwa zalla. Daga ƙarshe maigidana ya ce ya isa haka, ya ɗauke ni muka yi Sakkwato.

A can aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙara, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata da lakar bayana. Likitar jijiyoyi, wata mace siririya mai magana a hankali, ta faɗa mana sunan ciwon da Turanci, multiple sclerosis, ta ce mu riƙa cewa Em-Es in ya yi mana tsawo. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da riga, kamar robar jikin wayar lantarki, to garkuwar jikina ce take kuskure tana gwaguyar rigar. Maigidana makanikin injin jirgin ruwa ne, don haka tun ba ta rufe baki ba ya gane, har da gyaɗa kai kamar an ba shi labarin tsohon abokinsa. Ni abin da na riƙe shi ne ciwon ba ya warkewa, yakan lafa ya dawo, kuma ba ya shiri da zafi. Wannan na ƙarshen ba sai an gaya mini ba. Inna, mahaifiyata, bandar kifi ce sana'arta, kuma na daɗe da lura in na tsaya kusa da murhunta idona sai ya dushe har sai na koma inuwa.

Wata ranar kasuwa ina sauka daga kabu-kabu a bakin kasuwar kifi, ƙafar ta ƙi ni, na zube gaban jama'a, tumatirina ya watse. Mutane suka tashe ni, Allah ya saka musu. Ina kakkaɓe zane na ji wata mai tallan warangi, ƙananan kifayen nan, tana ce wa ta kusa da ita, cikin tausayi ma, ba da mugunta ba: "Wagga ko ta haihu, wa ka goya mata?" Da zagina ta yi da na rama, don bakina dai lafiyarsa lau. Amma tausayi ba a rama shi. Na tafi gida maganar tana cina, kuma tun ranar na sa wa raina abu guda: in Allah ya ba ni ɗa, a bayana zai yi wayo. Ni zan ɗaure shi da majanyi, in taka ƙasa da ƙafata kamar kowace mace.

Likita ta riga ta gargaɗe mu kada mu nemi ciki sai mun sanar da ita, don maganin da nake sha ba ya jituwa da ɗan tayi. Muka sanar da ita, maigidana yana ta kallon silin saboda kunya. Ta dakatar da maganin, ta ce ciwon ba ya hana haihuwa. Ba a daɗe ba ciki ya samu. Watannin farko amai da kasala, kamar kowa. Daga nan sai abin mamaki ya fara. Ciki yana girma, jikina yana sakewa. Ban ce ƙafar ta koma sabuwa ba, amma ta daina ba ni kunya a bainar jama'a. Sa'o'ina a wurin awo suna kukan nauyi, ni kuwa ji nake kamar an sauke mini kaya. Da tsohon cikina nake takawa makaranta, maigidana yana bina da babur yana roƙo in hau, ni ina yi masa yanga.

Dangi suka ce ai shi ke nan, na warke, dama haihuwa ce maganin ciwon mata. Da na koma wurin likita ina murna, sai ta yi murmushi ta ce ciki yakan lallashi garkuwar jiki don kada ta taɓa yaron, to jijiyoyina ma sun sarara a dalilinsa. Na ce mata wato albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ta yi dariya, sannan ta gyara zama.

"Malama, wanga hutun makaranta ne, ba sallama ba. Watannin farko bayan haihuwa su ne abin lura, a nan yakan dawo wa mata da yawa. Kuma don Allah ban da wankan ruwan zafi."

Na ce to. Irin "to" ɗin da mutum kan ce alhali ya san akwai wata hukuma a gaba wadda ba a ce mata a'a.

Hukumar ita ce Inna. Da cikin ya tsufa aka kai ni goyon ciki ƙauyenmu, a bakin ruwa kusa da Wara, tunda haihuwar fari ce. Na iske ta gama shiri tsaf. Itacen da maigidana ya aiko an jibge shi ya kusa kai tsayin danga, an kafa rabin duro a kan duwatsu uku a bakin makewayi, an daka yaji, an tanadi kanwa. Na bari har muka ci tuwo, sannan na ce, "Inna, likita ta ce ban da ruwan zafi."

Ba ta ko ɗago ba. "Ita likitag ga, haihuwa nawa tay yi?"

"Ban tambaye ta ba."

"To ki tambaye ta. Ni dai ba ni barin ki ɗanya."

Na san inda maganar ta samo asali, shi ya sa ban ja ba. Inna tana da ƙanwa wadda ta haihu da damina a wata tungar masunta cikin tsibiri. Itace ya jiƙe, ba a samu yi mata wanka yadda ya kamata ba, ta kumbura, ta rasu kafin arba'in. Ko mene ne ainihin abin da ya kashe ta, Allah masani, amma a wurin Inna sanyi ne ya shige ta, kuma ba malamin da zai karanta mata wani abu daban. A ganinta mai jegon da ba ta gasu ba ta kama hanyar kushewa. Ni ina tsoron ruwan zafi zai ɗauke mini ƙafa, ita tana tsoron rashinsa zai ɗauke ni gaba ɗaya.

Na haihu lafiya a asibitin Wara, mace, mai kunnuwan ubanta. Washegari da sassafe Inna ta hura wuta. Wanda bai taɓa shiga wankan jego ba ba zai gane ba. Ruwa ne da ya tafasa har yana tsalle, a tsoma damin ganyen darbejiya a ciki, a fyaɗa miki a baya, a ciki, a cinya, tururi ya rufe ki har ki daina ganin yatsunki. Safe da yamma. In kin fito ga kunun kanwa yana jira, shi ma da zafinsa. Na yi niyyar in ƙi, wallahi na yi. To amma ni 'yar fari ce, rabon da hannun Inna ya sauka a jikina tun ina yarinya ana yi mini kitso. Ga shi yau ta riƙe mini kafaɗa, tana daddanna mini baya, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Zafin yana cina ina jin daɗin hannun. Na ce a raina bari in daure ko na 'yan kwanaki ne.

Jiki magayi. Duk fitowar da zan yi daga makewayi, idona na dama sai ya dushe, ƙafafuna su yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma, sai na dafa danga nake kaiwa ɗaki. In na kwanta iska ta buge ni, bayan ɗan lokaci su dawo. Masu zuwa barka kuwa gaisuwarsu ɗaya ce: "Ya ruwan zahi?" In ce alhamdu lillahi. Shugabarsu maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa da ta yi wa rabin matan garin wanka a zamaninta. Dangar zana ce kawai tsakanin makewayinmu da tsakar gidanta, ga ta da kunne kamar na zomo. Daga ƙarar ganye take gane ko wanka ya yi ko an yi ha'inci, kuma abin da ta gane da safe, kafin azahar ya kai bakin ruwa.

Bayan suna, wata safiya na fito daga wanka, yarinya tana ta tsala kuka. Ban jira jikina ya huce ba na zauna bakin katifa na ɗauke ta zan ba ta nono. Sai kawai hannuna ya mutu. Ina kallonta ta sulale daga cinyata ta mirgina kan katifa, na kasa tare ta. Ba abin da ya same ta, ko kukan ma ba ta ƙara ba. Da na ɗaga kai sai ga Inna a bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ajiye kwanon, ta ɗauki yarinyar, ta zauna kusa da ni ta riƙe mini ita har ta ƙoshi. Da yamma ta ce kanta ke ciwo, ba a yi wanka ba.

Washegari na ji ƙarar faskare, na hangi hayaƙi ta taga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato duk abin da ta gani jiya bai isa ba? Na ɗaura zane na fita da shirin faɗa, na tanadi maganganun da ban taɓa gaya mata ba. Duro yana ta tafasa kamar kullum. Amma da na shiga makewayi sai na ga bahon ba ya tururi. Na tsoma yatsa. Ruwan randa ne, an ɗan sirka shi kawai don ya kashe sanyi. Na juyo zan yi magana, ta ɗora yatsa a baki, ta nuna dangar da haɓa. Sannan ta tsoma ganye ta fyaɗa mini da ƙarfi, fat, ta matso kusa da kunnena.

"Ki riƙa 'yar ƙara mana. Tana ji."

Na ce, "Wayyo Inna, zahi!"

Ta ɗaga murya yadda za a ji har gida na uku. "Daure! Mu ma haka anka yi muna!"

Dariya ta kama ni, na toshe baki da zane, hawaye yana zuba, ban san na dariyar ne ko na wani abu ba. Ita kuwa fuskarta ba alamar wasa. Na daɗe ina tuna wannan fuskar, don ita ba ta yarda likita ta fi ta gaskiya ba. Abin da ta gani da idonta ne ya rinjayi abin da ta sani, ta yi abin da take ganin zai iya kashe ni, tana yi tana roƙon Allah.

Haka muka ci gaba. Kullum safe da yamma a hura wuta, hayaƙi ya tashi gari ya shaida, ganye ya yi ƙara, ni in yi raki. Sai matsalar ruwan duro ta taso, don Inna ba ta iya ganin an ƙona itace a banza. Baba ne ya ci riba. Shekaru sun sa ya rage shiga ruwa, gwiwoyinsa sun gaji da sanyin jirgi, yawanci yana gindin mangwaro yana ɗinkin komar kamun kifi. Shi aka riƙa juye wa ruwan a bokiti, ya gasa gwiwa da ƙugu. Cikin 'yan kwanaki ya fara tafiya masallaci ba ɗingishi. Wata rana ya ce, "Ashe haka mata ka shan daɗi shekara da shekaru ba su hwaɗi ba. Saura kunun kanwa." Inna ta ce, "Sai ka haihu." Maƙwabciya kuma ta shigo ta dube ni sama da ƙasa, ta latsa mini ƙauri, ta ce, "Kin gasu, ɗiyata. Dibi yadda kinka yi jawur. Ruwan zahi ba ƙarya ba na." Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, Inna ta shiga ɗaki da sauri.

Jikina ya yi daɗi a kwanakin nan. Na fara lissafin yawon arba'in, gidajen da zan shiga a Wara da Yelwa, atamfar da zan ɗaura. Maigidana ya kawo majanyi sabo fil, saƙi mai ratsin ja. Inna ta ce ai mai haihuwar fari ba ta goya ɗanta ta ratsa gari, sai dai a nemo wata ta goya mata, abin kunya ne. Na ce mu 'yan boko kunyar nan ta ƙare a kanku. Ta ce Allah ya shirya. Na ajiye majanyin a ƙarƙashin filo.

Ana saura kwanaki kaɗan arba'in na farka da safe na ji kamar ba ni da ƙafar hagu. Tun daga yatsu har ƙugu, shiru. Na mintsine ta, kamar na mintsini filo. Na ce bari in sha iska zai wuce, kamar yadda ya saba bayan wanka. Rana ta take, ta faɗi, bai wuce ba. Washegari ta dama ma ta fara nauyi. Na gane baƙon da aka ce yana tafe ne ya iso, hutun ya ƙare.

Na ji tsoro, amma tsorona bai kai na Inna ba. A take ta yanke hukunci: sanyi ya shige ni, kuma ita ta buɗe masa ƙofa da hannunta. Ta daina cin abinci. Ta bar kifi a kan banda har ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Bini-bini ta shigo ta latsa mini ƙafa ta ga ko ta fara kumburi. Na ce mata likita ta faɗi za a yi haka tun ina da ciki, ta dube ni kamar ina lallashin yaro. Maƙwabciya ta zo dubiya tana cewa, "Dud da wankan ga da anka sha? Lalle abin daga Allah na." Kowace kalma tana sauka a kan Inna.

Maigidana ya zo da mota muka ɗauki hanyar Sakkwato. Inna ta ce ƙafarta ƙafata, ita da ba ta taɓa wuce Yelwa ba. Ita ta goya yarinyar da wani tsohon zanenta. Da muka shiga wurin likita, ban gama gaisuwa ba ta tsaya a gaban tebur, ta kwashe labarin duka, da ruwan randa da ƙarar ganye, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "Likita, ki hwaɗa mani gaskiya don Allah. Ni nik kashe mata ƙahwa?"

Likitar ta taso daga kujerarta ta zaunar da ita. "Inna, ba ke ba ce. Wanga ciwo haka yake. Yakan lafa da ciki, in an haihu ya taso a watannin farko, ko an yi wanka da zafi ko da sanyi. Ruwan zafi ba shi ke kawo shi ba, amma yana ƙara mata wahala, yana iya sa ta faɗi da yarinya a hannu. Abin da kika yi daidai ne."

Inna ta ce, "To ba ta kumbura?"

Likita ta duba ƙafafuna, ta auna jinina, ta saurari ƙirjina a gabanta, ta ce babu alamar haka. Sai a lokacin Inna ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da muka fito ta ce wa maigidana ya samo mata ko ƙosai ne.

An kwantar da ni aka yi mini ƙarin ruwa da maganin da ke kwantar da tashin ciwon. Arba'in ɗina a gadon asibiti ta same ni. Tambayata ta farko nono ce, aka ce in ci gaba da bayarwa, in dai ɗan jinkirta bayan kowane ƙarin ruwa, daga baya kuma muka zauna da likita muka zaɓi maganin da zan koma kansa. Tambayata ta biyu goyo. Likita ba ta ɓoye mini ba, ta ce kada in yi tafiya da yarinya a baya ko a hannu sai ƙafar ta zama abin yarda. Na ce yaushe ke nan? Ta ce ba ta sani ba, wasu takan dawo musu duka, wasu ta dawo da saura.

Muka koma ƙauye, zaman da aka yi niyyar na arba'in ya zama na watanni. Baba ya sassaƙa mini sanda daga wani karyayyen filafilin tuƙa jirgi. Kullum ina motsa ƙafa yadda aka koya mini, ina bin danga daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa gindin mangwaro, ina tsaki. Ji ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, daga ƙugu yana gangarawa, ba ya sauri. Yarinya kuwa ba ta jira ni ba. Ta yi ƙiba, ta riƙe wuya, ta fara dariya, kuma ta san baya guda ɗaya a duniya, na Inna. In ta fara rigima na yi rarrashin duniya a cinya ta ƙi, Inna na sa ta a baya sai barci. Ina son Inna, amma kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Har warin hayaƙin banda da yarinyar take yi ya riƙa ba ni haushi.

Inna ta lura. Wata rana ta ce in zauna kan turmi ta ɗaura mini ita, in yi goyon a zaune. Na ce, "Wannan goyo ne ko jingina? A bar shi." Na faɗa da tsawa, har kaji suka watse. Ta ce, "To, Malama," ta koma wurin kifinta. In ta kira ni Malama na san na yi rashin hankali. Da yamma na ja sanda na je na zauna kusa da ita ina taya ta jera kifi a kwando, nesa da murhu. A gidanmu haka ake ba da haƙuri.

Ruwa ya cika ya fara ja da baya, yarinya ta fara zama, hutun da makaranta ta ba ni ya ƙare. Ƙafar ta dawo, amma da saura, har yau in na gaji sai ta riƙa ja. A fili mai kyau ina tafiya ba sanda. Hanyar da ta tashi daga gidanmu zuwa inda jirage ke tsayawa kuwa yashi ce da gangara, kuma ta tsakiyar gari ta bi. Ranar komawa Yelwa maigidana ya zo da jirgin wani da ya gyara wa inji, aka kwashe kaya, da buhun busasshen kifi da Inna ta ce na surukata ne. Na shirya na ɗauki sandata, na tsaya ina jiran Inna ta goya yarinyar mu tafi. Na riga na haƙura. Na gaya wa kaina mai tallan nan ba ƙarya ta yi ba, tambaya ta yi, ga kuma amsa.

Sai Inna ta fito daga ɗaki da majanyin nan mai ratsin ja, har yanzu da karin ninkinsa.

"Duƙa."

"Inna, likita ta ce…"

"Na ji abin da tac ce, ina wurin. Cewa tay yi kar ki hwaɗi da ita. Duƙa."

Na dafa turmi na duƙa. Ta ɗora mini ita, ta ja zane ta ƙarƙashin hammatana na ɗaure a ƙirji, ta zagayo da majanyi ta ƙulle da kanta. Ban san yarinyar ta yi nauyi haka ba. Ta ɗan yi ƙorafi, ta shinshina, sannan ta kwantar da kumatunta tsakanin kafaɗuna. Na miƙe. Inna ta koma bayana ta sa tafukanta biyu a ƙarƙashin yarinyar, ta manne da ni har ina jin numfashinta, ta ce, "Mu tahi. In kin ji ta ƙi, ki tsaya, ina nan."

Haka muka fito, sanda a hannuna, Inna a duƙe a bayana don ta fi ni tsawo, tana daidaita takunta da nawa. Baba yana gaba yana korar awaki daga hanya kamar mai rakiyar amarya. Mata suka leƙo daga gidaje, masu wanki suka tsaya. A gangara ƙafar ta turje sau ɗaya, na ji hannuwan nan sun ɗauke nauyin gaba ɗaya har na daidaita, sannan suka mayar mini. Ban duba fuskar kowa ba. Kuka nake yi a fili, da atamfata sabuwa, ban damu ba.

Maƙwabciya tana bakin ruwa tana wanke kwanoni. Ta miƙe ta riƙe ƙugu ta kalle mu, ta kwashe da dariya.

"Yau ga ikon Allah! Wai cikinku wa ka goyon, ke ko ita?"

Inna ba ta ɗago ba, ba ta kuma cire hannu ba. Ta ce, "Kowa da tata ɗiya. Ba mu hanya."

Tsohuwar ta ja kwanoninta gefe, muka wuce har bakin jirgi.